Na yi wa saniyata allura mil 10, ciwon hantsa ya dawo: in ƙara ko in canza?

Mai Tatsa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Ina da saniya mai haihuwa uku, wata biyu ke nan da ta haihu. Ranar Asabar nononta na baya ta hagu ya kumbura, ya yi zafi ya yi tauri, madarar tana fitowa guda-guda. Na yi mata allurar oksitetrasaiklin LA (antibayotik mai daɗewa yana aiki a jiki) mil 10 a wuya. Lahadi da Litinin kumburin ya saɓe, har na ce an wuce wurin. Yau Laraba ya dawo, ya ma fi na farko, ko taɓawa ba ta yarda a yi. In ƙara mata mil 10 ne, ko in canza magani? Sannan madarar sauran nonuwa uku masu lafiya, za a iya sha?

Baba Makiyayi:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ta lafiya. Ka ƙara mata mil 15, ka haɗa da fenisilin mil 10 a sirinji ɗaya. Ka dinga gasa wurin da ruwan ɗumi kana tatsewa. Na fi shekara 30 ina yin haka.

Likitar Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Baba, gashi da tatsewa daidai ne, amma haɗin nan ina roƙo a dakata da shi, zan faɗi dalili. Malam Mai Tatsa, kafin kowa ya ce maka mil kaza, amsa min abu uku. Nawa ne nauyin saniyar? Me aka rubuta a jikin kwalbar, kashi 5 cikin 100, ko 10, ko 20? Kuma tana cin abinci, tana tuƙa?

Mai Tatsa:
Dakta, kwalbar an rubuta 20%. Tana ci, amma ba kamar da ba. Nauyi kuwa ba ni da sikeli. Babba ce dai.

Likitar Dabbobi:
"Babba ce" ba zai ba mu lissafi ba. Samo tef irin na tela. Tsayar da ita a wuri mai shimfiɗe, kanta a miƙe. Zagaya tef ɗin a ƙirjinta, daidai bayan ƙafafun gaba, ka rubuta santimita nawa. Sannan auna tsawonta daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Ka ninka kewayen ƙirji da kansa, ka ninka abin da ya fito da tsawon, ka raba da 10,840. Abin da ya fito shi ne nauyinta a kilo. Ba ya kai sikeli daidaito, amma ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. In kana da ma'aunin zafi, ka auna ta dubura ka faɗa min.

Mai Tatsa:
Na auna. Ƙirji 172, tsawo 138. Lissafin ya ba ni 377. Zafin jiki 39.4.

Likitar Dabbobi:
To ga inda matsalar take. Kwalba mai 20% tana nufin kowane mil ɗaya yana ɗauke da miligiram 200 na magani. Ƙa'idar LA ita ce miligiram 20 ga kowane kilo, wato mil 1 ga kowane kilo 10. Saniya mai kilo 377 tana buƙatar kusan mil 38, a raba shi wuri biyu ko fiye, domin yawancin takardun maganin ba su yarda a zuba fiye da mil 20 a wuri ɗaya ba, wasu ma mil 10 suka ce. Kai ka ba ta mil 10. Kusan rubu'in abin da ya kamata ke nan. Ya isa ya danne ƙwayoyin cutar na kwana biyu, bai isa ya gama da su ba. Shi ya sa ka ga sauƙi, sannan abin ya dawo.

Amma kada ka tashi yanzu ka ɗura mata mil 38. Ciwon yana cikin hantsa ne, kuma oksitetrasaiklin na tsoka ba shi ne zaɓin farko ga irin wannan ba. Ciwon hantsar da bai taɓa jikin saniya sosai ba, yawanci da maganin bututu da ake matsawa ta kan nono ake yi. Abin da ya fi shi ne likita ya zo ya ga hantsar, ya ɗebi madarar a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji. Maganin da ka riga ka ba ta yana iya ɓoye ƙwayar a gwajin, don haka ka gaya masa abin da ka yi da ranar da ka yi.

Baba Makiyayi:
Mil 38? 'Yata, wannan ai kisa ne. Ni ban taɓa wuce mil 15 ba ko ga bijimi, kuma shanuna suna warkewa. In da mil 10 ba ya aiki, da garkena ya ƙare tuntuni. Littafi daban, abin da ido ya gani daban.

Likitar Dabbobi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa cewa shanunka sun warke ba. Abin tambaya shi ne, me ya warkar da su? Ɗauki ciwon baki da kofato. Bairos ke kawo shi, antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan, kuma yawancin manyan shanu suna miƙewa cikin mako biyu zuwa uku ko an yi allura ko ba a yi ba. In an yi mil 10 ta warke, sai allura ta sha yabo. Haka ciwon hantsa marar tsanani da bakteriyar E. coli ke kawowa, sau da yawa jikin saniya ne ke share shi da kansa. Amma ranar da aka gamu da ƙwayar da ba ta tafiya sai da magani, irin Staphylococcus aureus da ke ɓuya a cikin naman hantsa, mil 10 zai nuna gazawarsa. Ka tuna shanun da nono ɗaya ya mutu musu, ko waɗanda ciwon huhu ya yi ta kai da komo har suka rame. A nan asarar take ɓoye.

Batun haɗi kuma: fenisilin yana kashe bakteriya ne a lokacin da take girma tana gina bangon jikinta. Oksitetrasaiklin kuwa tsayar da girman yake yi. In ka haɗa su, ɗaya yana iya rage wa ɗaya ƙarfi. Ban da haka, magani biyu a sirinji ɗaya suna iya curewa ko su lalata juna tun kafin su shiga jiki.

Baba Makiyayi:
Na ji batun haɗi, kuma na taɓa ganin ya yi guda-guda a sirinji. Amma ki sani ba kowa ne likita ke kusa da shi ba. Saniya ta kwanta da dare, kana nesa da kowa, me za ka yi? Ka zuba mata ido?

Likitar Dabbobi:
A'a Baba, ba na cewa a zuba ido. Gaskiya ka faɗa, kuma mu likitoci ba mu isa ko'ina ba. Shi ya sa nake zama ina rubuta lissafin nan. In dole ta sa mutum ya yi da kansa, to ya yi da awo: nauyi, ƙarfin kwalba, kwana nawa, da ranar da madara za ta halatta a sha. Duk suna rubuce a takarda.

Ɗalibin Likitanci:
Dakta, bari in ƙara kan ƙarfin kwalba, domin a nan nake ganin mutane suna faɗawa. Sunan magani ɗaya, launinsa kusan ɗaya, amma 5% miligiram 50 ne a mil, 10% miligiram 100, 20% miligiram 200. Wanda ya saba da mil 10 na 20%, ranar da ya sayi 5% ya ba da mil 10, ya ba da miligiram 500 kacal. Ga saniya irin ta Malam Mai Tatsa, bai kai miligiram ɗaya da rabi ga kilo ba. Kuma 5% da 10% kullum ake yin su, kwana 3 zuwa 5, ba sau ɗaya ba kamar LA. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, da aka ba shi kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗi a jawabinsa cewa wanda bai sani ba yana iya shan maganin da bai kai ba, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin. Abin da muke yi wa shanu ke nan yau.

Mai Tatsa:
Wallahi ban taɓa duba wannan lambar ba sai yau. Ni dai LA nake cewa a ba ni.

Maman Mage:
Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, na ce bari in sa baki, domin ni akasin haka ne ya same ni. Ku ƙarancin magani kuke magana, ni yawansa ne ya cuce ni. Magena tana atishawa, hanci da ido suna ruwa. Wani mai kiwo da muke mutunci da shi ya ce yana da allura mai kyau ta shanu, enrofuloksasin. Ya ce mil ɗaya kawai, ai ba yawa. Ya yi mata kwana uku a jere. A rana ta huɗu na ga tana karo da ƙafar kujera, baƙin idonta ya buɗe gaba ɗaya ko da a cikin hasken rana. Da na kai ta asibitin dabbobi aka ce ganinta ya tafi. Shekara biyu ke nan. Tana nan da rai, ta haddace ɗakin, tana bin muryata, amma duk sanda na ga ta tsaya a bakin ƙofa tana lalube, zuciyata sai ta karye. Ba na zargin mutumin, taimako ya yi niyya. Ni ce na miƙa ta.

Likitar Dabbobi:
Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Wannan sananniyar illa ce. Enrofuloksasin yana taruwa a bayan idon mage ya lalata wurin da ke karɓar haske, shi ya sa iyakarsa gare ta miligiram 5 ne ga kilo a yini, ba a wucewa. Mage mai kilo 3 miligiram 15 ke nan. Kwalbar shanu mai 10% tana da miligiram 100 a mil ɗaya. An ba ta fiye da ninki shida, har sau uku. Abin da ya dace da ita daga wannan kwalba mil 0.15 ne, wanda sirinjin shanu ba zai iya aunawa ba. Abin da ya ƙara min ciwo shi ne, murar mage yawanci bairos ne, mai yiwuwa ma ba ta buƙatar antibayotik tun farko.

Tun da an zo kan mage, a riƙe waɗannan. Doksisaiklin in an ba ta ƙwaya ko kafso a bushe, yana iya maƙalewa a maƙoshi ya ƙona wurin har hanyar abinci ta tsuke, don haka a bi shi da ruwa kamar mil 5 ko 6 ko ɗan abinci. Farasitamol kuma, ko da ba antibayotik ba ne, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Mai Zomaye:
Dakta, a ƙara da zomo. Na rasa guda biyar a mako ɗaya bayan na zuba musu amoksisilin na yara a ruwan sha. Zawo ya kama su, cikinsu ya kumbura.

Likitar Dabbobi:
Haka ne. Zomo da bakteriyar cikinsa yake narkar da ciyawa. Amoksisilin, amfisilin, kilindamaisin da linkomaisin ta baki suna kashe masu amfanin, sai masu dafi su samu fili. Babbar saniya ma haka, ba a ba ta antibayotik ta baki sai da dalili, saboda tumbinta.

Mai Karnuka:
Ni tambayata kan kwanaki ce. Karena mai kilo 20 ya yi zazzaɓin kaska, ya daina ci, har haɓo ya yi. Likita ya rubuta doksisaiklin miligiram 200 kullum, kwana 28. A kwana na biyar ya miƙe yana gudu yana haushi. A kwana na takwas na tsayar, na ce me ya sa zan yi ta ɗura wa mai lafiya magani. Bayan wata biyu ya sake kwantawa. Yanzu mun koma farko. Amma kwanan nan na karanta cewa likitoci sun daina cewa sai an shanye magani duka. Wanne ne gaskiya?

Ɗalibin Likitanci:
Abin da ka karanta gaskiya ne. Yanzu ana koyar da mu cewa tsawaita magani shi ma yana haifar da bijirewa, wato ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Misali ciwon mafitsara na kare wanda ba mai maimaituwa ba, da ana yin kwana 10 zuwa 14, amma ƙa'idojin da aka sabunta a 2019 sun ce kwana 3 zuwa 5 ya isa. Saboda haka "sai ka shanye" tsohon zance ne.

Likitar Dabbobi:
Ƙanena, rabin farko na maganarka daidai ne, amma jimlar ƙarshe za ta iya cutar da wani a nan. An gajarta kwanaki ne ga cututtukan da aka gwada aka ga gajeren ya isa. Ba a ce mai dabba ya tsayar ranar da ya ga dama ba. Ehrlichia, ƙwayar da ke kawo irin wannan zazzaɓin kaska, a cikin fararen ƙwayoyin jini take zama. Kare yana warwarewa cikin kwana biyu zuwa uku, ita kuwa tana nan. Shi ya sa ake cewa kwana 28, miligiram 10 ga kilo sau ɗaya a yini, ko 5 sau biyu. Lissafin likitansa daidai yake. Ciwon ƙashi da ciwon fata mai zurfi su ma makonni suke ɗauka. In kana ganin kwanakin sun yi yawa, koma wurin wanda ya rubuta ka tambaye shi.

Ɗalibin Likitanci:
Na karɓi gyara, Dakta. Na faɗe shi da faɗi fiye da yadda yake.

Mai Karnuka:
To in na manta na safe, in haɗa biyu da dare? Ɗayar karyar tawa tana shan amoksisilin mai kilabulanik sau biyu a yini saboda cizo da ya yi ɗiwa, kuma da safe sau da yawa ba na gida.

Likitar Dabbobi:
Kada ka haɗa. Magungunan nan iri biyu ne a yadda suke aiki. Dangin fenisilin, har da amoksisilin, suna bukatar su daɗe a jini sama da wani mataki, kuma ƙoda tana fitar da su da sauri. Shi ya sa ake ba da miligiram 12.5 ga kilo duk awa 12. In ka haɗa biyu da dare, da rana jinin ba komai, bakteriya ta samu hutun awanni. Jentamaisin da enrofuloksasin kuwa da ƙarfin bugu ɗaya suke kisa, shi ya sa sau ɗaya a yini ake yin su. Nemi wanda zai ba ta na safe, ko ka matsar da lokutan, misali 6 na safe da 6 na yamma.

Jentamaisin da na ambata, a yi hattara da shi. Yana lalata ƙoda da ji, musamman ga dabbar da zawo ko amai ya zuƙe wa ruwa. Kwikwiyo mai zawon jini ruwa yake buƙata kafin komai. A saniya kuma yana zama a ƙoda fiye da shekara, don haka bai dace da dabbar da za a ci ba.

Mai Tatsa:
Jama'a, ina ƙaruwa sosai, amma ba a amsa min ta biyu ba. Madarar nonuwa uku masu lafiya fa? Lita 9 nake samu a yini. In zubar duka?

Mai Sarrafa Madara:
Ɗan'uwa, ni zan amsa maka wannan, domin a kaina abin yake ƙarewa. Allurar da ka yi a wuya jini ta shiga, kuma jini ɗaya ne ke ciyar da nonuwa huɗu. Ko bututu ka matsa a nono ɗaya, wani ɓangare yana shiga jini ya ɓulla a sauran. Duka huɗun ake zubarwa. Ni yogot nake yi, kuma yogot bakteriya ce mai rai ke kwantar da shi. Na taɓa haɗa madarar masu kawo min, lita 200, na sa iri, na jira har gari ya waye, tana nan tsululu. Daga baya wani ya amsa cewa ya yi wa saniya ɗaya fenisilin kwana biyu kafin nan. Saniya ɗaya ta ɓata na kowa. Tun daga ranar nake gwada kowace madara da ɗan tsinken gwaji kafin in karɓa.

Baba Makiyayi:
In an tafasa fa? Wuta ai tana kashe komai. Zubar da madara ba ƙaramin abu ba ne, abinci ne, kuma mai shanu da ita yake ciyar da gida. Ku masu cewa a zubar, wa zai biya shi?

Mai Sarrafa Madara:
Baba, wuta ƙwayar cuta take kashewa. Magani ba rai gare shi ba balle ya mutu. Tafasa tana rage wani abu, amma ba ta kawar da shi. Waccan lita 200 sai da na dafa ta kafin in sa iri, ka ga bai hana ba. Batun asara kuwa ba na musu, tana da zafi, kuma gaskiya ne babu mai biya. Amma ni da na san akwai wanda fenisilin kaɗan ke sa jikinsa ya yi rudu-rudu, wani ma numfashi ya sarƙe, ba zan iya sayar masa ba.

Likitar Dabbobi:
Kwanakin jira suna rubuce a kowace kwalba, na madara daban, na nama daban, kuma suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Akwai LA da aka rubuta awa 96, akwai mai kwana 7, akwai wanda aka ce sam kada a yi wa saniyar da ake tatsa. Daga allurar ƙarshe ake fara ƙirga. In an wuce ƙa'ida, ko an haɗa allura da bututu, lambar da ke takarda ba ta isa ba, sai a ƙara. Malam Mai Tatsa, duba kwalbarka ka ga me ta ce.

Baba, tambayarka tana da nauyi, ga abin da nake iya cewa. Mil 10 ya sa ya fara zubar da madara tun Asabar bai samu waraka ba, yanzu zai sake wani zagaye. Da an yi daidai tun farko, sau ɗaya zai yi asara. Kuma abin ya wuce gida ɗaya. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Ba kiwo kaɗai ya jawo ba, asibitocin mutane suna da babban kaso, amma magungunan iri ɗaya ne, kuma bakteriya tana ratsawa tsakanin dabba da mai ita. A 2015 aka ba da rahoton gano wani sinadarin gado a bakteriyar aladu a Sin wanda ke sa ta jure kolistin, maganin da ake ajiyewa sai komai ya gaza, kuma aka same shi a jikin marasa lafiya. Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006, a 2022 kuma ta hana ba su shi a kai a kai da sunan rigakafi.

Mai Tatsa:
Kwalbar ta ce kwana 7. To maraƙin fa, in ba shi?

Likitar Dabbobi:
Ta nonon da ke ciwo, a'a, tana ɗauke da ƙwayar cutar. Ta sauran ukun ba za ta kashe shi ba, mutane da yawa suna yi, amma ɗan maganin da ke ciki yana raino masa bakteriya mai bijirewa a hanji. In kana da wata saniya mai lafiya, ba shi tata. Ka ci gaba da tatse mai ciwon, ita ce ta ƙarshe a layi, ka wanke hannu bayanta.

In likita ya ba ka bututu, ga yadda ake yi. Tatse nonon tas. Goge bakinsa da auduga da sifirit har audugar ta fito fari. Sa tsinin bututun kaɗan kawai, ba duka ba, ka matse shi gaba ɗaya. Bututu ɗaya nono ɗaya, ba a rabawa. Wasu duk awa 12 ake yi, wasu duk awa 24, bi takarda. Ka tabbata na saniya mai tatsa ne, domin akwai na lokacin da aka busar da ita kafin haihuwa, wanda ke zama makonni a hantsa. In ka ga ta daina ci gaba ɗaya, ko ta kwanta, ko madarar ta koma ruwa-ruwa kamar ruwan shayi, ko nonon ya yi sanyi ya fara baƙi, kada ka jira safiya.

Ɗalibin Likitanci:
Ƙari biyu ga masu yin allura da kansu. Farin fenisilin mai kauri ba a sa shi a jijiya ko kusa, yana iya kashewa nan take. Tilmikosin kuma in ya soki mutum bisa kuskure yana tsayar da zuciya, an yi asarar rayuka a kansa, kuma yana kashe akuya. Kuloramfenikol an hana shi ga duk dabbar da ake ci ko ake sha a ƙasashe da yawa, saboda yana iya kashe ɓargon mutum ya daina yin jini.

Mai Tatsa:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana tara. Likita ya zo ranar Alhamis, ya ɗebi madara, ya ba ni bututu uku da allurar rage zafi da kumburi. Gwaji ya nuna bakteriyar Streptococcus ce, ya ce bututun da ya bayar ya dace. Kumburi ya tafi, madara ta daina guda, amma nonon bai koma ba da yawan da yake bayarwa ba, kusan rabi. Ya ce mai yiwuwa ya ƙaru, mai yiwuwa sai wata haihuwar. Na ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa don yaran da ke taya ni tatsa su gane, na rubuta ranar allura da ranar da madara za ta halatta a bango. Kwana 12 gaba ɗaya na zubar. Ya kuma nuna min cewa shimfiɗarsu tana da laima, na kwashe. Na auna sauran shanuna huɗu duka na rubuta nauyinsu a littafi. Na gode Dakta, na gode Baba, gashin da ka ce ya taimaka mata ƙwarai.

Maman Mage:
Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara mata lafiya.

Baba Makiyayi:
Madalla ɗana. 'Yata Dakta, jikana ya samo min tef. Mun auna bijimin nan da nake ba mil 15, ƙirjinsa 190. Tsawon ne muka yi gardama, shi ya ce daga tozo ake farawa. Daga ina ne?

Likitar Dabbobi:
Ba daga tozo ba, Baba. Sa hannu a gaban kafaɗarsa ta ƙasa, inda ƙashi ya turo kusa da ƙirji, daga nan ake farawa. A ja tef ɗin ta gefen jiki zuwa tsinin ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. A auna sau biyu, yana tsaye a kan ƙafa huɗu daidai. Turo min lambar in ta fito, da hoton takardar da ke jikin kwalbar.